Iska da babban kadarko: don me ake rufe hanya?

 

Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Kowa ya san haka. Mutum ya ɗauko kara daga gona, ko ya ɗauko zana zuwa kasuwa, iska ta taso. Kayan ba su da nauyi, amma sai ka ga mutum yana tangaɗi. Wanda ya ɗauko buhun gishiri kuwa, ga nauyi, amma yana tafiyarsa miƙe. To, abin da iska take yi wa mai kayan kara, shi take yi wa babbar mota a kan kadarko.

Hirarmu ta yau a kan wannan take. Za mu ba ku labarin wani babban kadarko, wanda waɗansu ke kira gada, a wata ƙasa mai nisa. Za mu ga yadda mota ɗaya ta tsai da mutane dubbai yini guda cur. Za mu yi ɗan lissafi, saboda haka ku ajiye alli da allo kusa. Daga ƙarshe mu dawo gida, mu ga abin da ya shafe mu.

Ina kadarkon yake?

A arewacin Birtaniya akwai ƙasar Sikotlan. Babban birninta shi ne Edinbara. A arewa da birnin akwai kogi mai suna Forth. A wurin nan kogin ya kusa shiga teku, ya yi faɗi ƙwarai. Shekaru ɗaruruwa da jirgin fito mutane suke ƙetarewa. A ranar 4 ga watan Satumba 1964 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe kadarkon motoci a wurin.

Tsawon kadarkon kilomita 2 da rabi ne. Ba irin namu ba ne mai ƙafafu da yawa cikin ruwa. Rataye shi aka yi. An kafa dogayen ginshiƙai biyu na ƙarfe, kowane ya kai mita 150. Aka ja manyan igiyoyin ƙarfe biyu bisa kawunansu, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Hanyar motoci tana rataye a jikin igiyoyin nan, kamar yadda ake rataya kaya a ragaya. Tsakanin ginshiƙan biyu akwai mita 1006, babu ƙafa ko ɗaya a ƙasa. Daga hanyar zuwa ruwa ya fi mita 40, don manyan jiragen ruwa su wuce.

Kafin shekarar 2017, motoci fiye da dubu 60 suke bi ta kansa kowace rana. Ma'aikata masu zuwa aiki birni, da ƴan makaranta, da masu kai kaya kasuwa, da masu zuwa likita, duk nan ce hanyarsu.

Don me iska ta fi ƙarfi a kan kadarko?

Dalili na farko, babu abin da ke tare ta. A cikin gari akwai gidaje da katangu. A daji akwai itatuwa. Waɗannan duk suna rage wa iska gudu. Bisa ruwa kuwa fili ne fetal.

Dalili na biyu, tsawo. Iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Wanda ya taɓa hawa giginya, ko ya hau rufin soro, ya san wannan. Kana ƙasa ba ka jin komi, ka hau sama riga ta fara kaɗawa.

Dalili na uku, inda iskar take fitowa. Kogin Forth ya miƙe daga yamma zuwa gabas. Kadarkon ya gitta shi daga kudu zuwa arewa. Manyan iskokin ƙasar, musamman lokacin sanyi, daga tekun Atlantika suke zuwa, wato daga yamma. Sai su bi kwarin kogin, su bugi motoci a haƙarƙari. Iskar da ta bugi mota ta gaba tana rage mata gudu ne kawai. Wadda ta buge ta a gefe ita ce mai kayarwa.

Dalili na huɗu, iska ba ta zuwa da ƙarfi ɗaya. Takan lafa, sa'an nan ta bugo farat ɗaya. Wannan shi muke kira bugun iska. Direba yana riƙe da sitiyari yana daidaita mota, ya zo daidai ginshiƙi, ginshiƙin ya kare shi. Da ya wuce sai iska ta same shi ba shiri.

Ga kuma wani abu. A kan hanyar daji, in iska ta yi yawa, direba yana iya ratsewa ya tsaya. A kan kadarko babu wurin ratsewa, babu wurin juyawa. In ka hau, sai ka kai ƙarshe.

Mu yi lissafi

Ana auna gudun iska kamar yadda ake auna gudun mota: kilomita nawa a awa ɗaya. Akwai na'ura ta musamman don haka. Irin wadda aka fi sani tana da ƴan kofuna uku bisa sanda. Iska tana juya su, na'ura tana ƙidaya.

Yanzu ku zana fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Sunansa murabba'in mita. Ku ɗauka faifan katako ne mai wannan girma, an tsai da shi yana fuskantar iska.

In iska tana gudun kilomita 30 a awa, tana tura katakon da nauyin wajen kilo 4.

In tana gudun kilomita 60, turin ya zama wajen kilo 17.

In tana gudun kilomita 120, turin ya kusa kilo 70.

Ku duba da kyau. Daga 30 zuwa 60 gudu ya ninka sau 2, amma turi ya ninka sau 4. Daga 60 zuwa 120 ma haka. Wannan ita ce ƙa'idar: in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta ya ninka sau 4. Shi ya sa iskar da ka raina da hantsi take iya ɗauke rufin kwano da la'asar.

To, mu auna motoci. Ƙaramar mota tana da tsawon mita 4 da tsayin mita 1 da rabi. Gefenta murabba'in mita 6 ke nan. Mu buga 6 sau 70, ya ba mu kilo 420. Wajen buhu 4 na hatsi ke nan, irin mai kilo 100.

Babban kamyo mai dogon akwati kuwa, akwatin yana da tsawon mita 13 da tsayin wajen mita 3. Mu buga 13 sau 3, ya ba mu 39. Mu ce 40 don sauƙi. 40 sau 70 ya ba mu kilo 2800. Buhu 28 ke nan suna tura motar daga gefe ɗaya, kuma can sama suke turawa, ba wajen tayu ba.

Kun ga bambanci: iska ɗaya, wuri ɗaya, wannan buhu 4, wancan buhu 28. In kamyon ba shi da kaya, abin ya fi muni, don babu nauyin da zai danne shi ƙasa. Shi ne mai kayan kara.

Dokar kadarkon

Da yake masu kula da kadarkon Forth sun san wannan lissafi, sai suka kafa doka hawa-hawa. Su da mil suke auna gudu, amma mun juya muku zuwa kilomita. Ga yadda dokar take a farkon shekarar 2017.

In bugun iska ya wuce kilomita 56 a awa, kowace mota ta rage gudu.

In ya wuce 72, a hana manyan motocin fasinja masu bene.

In ya wuce 80, a hana duk motoci masu dogon gefe, da masu jan tirela, da babura, da kekuna, da masu tafiya ƙasa.

In ya wuce 105, ƙananan motoci kaɗai za su wuce, su ma sannu-sannu.

In ya kusa 130, a rufe kadarkon ga kowa. An yi haka ranar 8 ga watan Disamba 2011, da wata babbar guguwa ta faɗa wa ƙasar.

Yaya direba zai sani? Akwai manyan alluna masu wuta a bakin hanya tun da nisa. Suna rubuta abin da aka hana. Ana kuma faɗa a rediyo. A lokacin, wanda aka hana yana da wata hanya: ya bi gaɓa zuwa yamma wajen kilomita 25, ya ƙetare ta garin Kincardine, inda kogin bai yi faɗi ba, sa'an nan ya dawo. Zagaye ne, yana cin lokaci, yana cin mai. Nan ne zuciya take raya wa mutum: kai, bari in gwada, minti uku ne na wuce.

Daren 11 ga watan Janairu 2017

A daren nan iska ta taso da ƙarfi. Aka kunna alluna, aka rubuta cewa an hana motoci masu dogon gefe. Wajen ƙarfe 2 na dare sai ga wani babban kamyo ya fito daga kudu za shi arewa. Direban bai bi zagaye ba. Ya wuce allunan, ya hau kadarko.

Na'urar auna iska ta nuna bugun da ya kai kilomita 119 a awa. Ku tuna lissafinmu: wajen buhu 28 ke nan. Iska ta ɗaga motar ta kayar da ita. Ta faɗa bisa shingen ƙarfe da ya raba hannun masu zuwa da na masu dawowa, ta tare hanya. Ta lalata wajen mita 40 na ƙarfen. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Da rana abin ya faru, lokacin da motoci suke bin juna, da labarin ya zama wani.

Aka rufe kadarkon ta kowane hannu. Gari ya waye, mutane suka fito za su aiki, suka tarar babu hanya. Motoci dubbai suka karkata zuwa Kincardine. Hanyar can ba ta saba ɗaukar wannan yawa ba, sai ta cushe. Tafiyar da aka saba yi cikin ɗan lokaci ta koma ta awoyi.

Wani zai ce: to, a ɗaga motar mana a wuce. Ai iskar da ta kayar da ita ba ta tafi ba. Injin ɗaga kaya yana da dogon wuya, shi ma iska tana iya kayar da shi. Dole ma'aikata suka jira ta lafa. Bayan an janye motar, sai gyaran shinge. Maƙera suka yi ta yanka da walda cikin sanyi. Ba a buɗe kadarkon ba sai wajen ƙarfe 9 na dare. Awa 19 ke nan.

Aka kai direban gaban shari'a. Ya amsa laifin tuƙi mai haɗari. Aka ci shi tara, aka hana shi tuƙi shekara 2. Kuma duk da haka, a watan Maris na wannan shekara wani kamyo ya sake kifewa a kan kadarkon, aka sake rufewa.

Wa ya yi hasara?

Mu ƙidaya tare. Direba ya yi hasarar sana'arsa ta shekara 2. Mai mota ya yi hasarar mota. Gyaran shinge ma ya ci kuɗi. Sa'an nan ga mutane dubbai waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba: wanda ya makara aiki, da mai kayan da ba su isa kasuwa ba, da wanda likita yake jira. Mutum ɗaya ya ƙi zagayen da bai fi awa guda ba, ya jawo wa kowa awa 19.

Ƴan'uwa, a nan akwai abin lura gare mu masu koyon karatu. Allo yana nan, an rubuta, wuta tana ci. Rubutun bai tsai da motar ba. Rubutu ba shi da hannu. Mutum ne zai karanta, ya yarda, ya taka birki. Karatu rabin aiki ne, sauran rabin shi ne aiki da abin da aka karanta.

Shi kadarkon fa, iska ba ta kayar da shi?

Tambaya ce mai kyau, kuma mutanen Sikotlan sun sha ɗacinta. A arewa da Forth akwai wani kogi mai suna Tay. A daren 28 ga watan Disamba 1879 guguwa ta karya kadarkon jirgin ƙasa da ke kansa, daidai lokacin da jirgi yake wucewa. Jirgin ya faɗa ruwa. Mutane fiye da 50 suka mutu, ba wanda ya fita. Da aka yi bincike, aka ga maginan ba su yi wa iska lissafin da ya kamata ba.

Tun daga nan ba a sake raina iska ba. Kadarkon jirgin ƙasa da aka buɗe a kan Forth a 1890 an yi shi da ƙarfi ƙwarai, har yau jirage suna bi. Na motoci kuwa, na 1964, an yi shi yadda zai ɗan yi lilo in iska ta buga, kamar reshen icce mai lanƙwasa ya dawo. An bar kafofi a jikinsa don iska ta ratsa. Saboda haka in an rufe shi, yawanci ba don tsoron faɗuwarsa ba ne. Don abin da ke kansa ne.

Maganin da aka samo

Kadarkon 1964 ya tsufa, motoci sun yi masa yawa. Sai aka gina sabo kusa da shi, mai suna Queensferry Crossing. An buɗe shi ga motoci ranar 30 ga watan Agusta 2017. Tsawonsa kilomita 2 da mita 700. A gefensa biyu an kafa shingen iska mai tsayin fiye da mita 3.

Shingen ba katanga ba ce toshe. Falle-falle ne, da tazara a tsakani. Don me? Manoma sun san amsa. Darnin kara yana barin iska kaɗan ta ratsa, ya karya ƙarfinta, ya tsaya. In ka kafa kwano toshe, iska za ta ture shi, ko ta tsallake ta faɗo a bayansa tana juyawa. Masu dasa layin itatuwa a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, don kare gonaki daga iska, wannan dabara ce suka bi.

Da shingen nan, manyan motoci suna wucewa cikin iskar da a dā take tsai da su. Tsohon kadarko kuwa an bar wa motocin fasinja, da taksi, da masu keke, da masu tafiya ƙasa. Amma kada ku ce an gama da wahala. A watan Fabrairu 2020 an rufe sabon kadarkon, don ƙanƙara ta daskare a igiyoyinsa tana faɗowa bisa motoci. Kowane gini da irin tsaron da yake bukata.

Mu dawo gida

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da kadarko mai rataye irin wancan. Namu sun fi gajarta, sun fi kusa da ruwa. Amma mun san darajar hanya ɗaya tilo. Kadarkon Kennedy na Yamai, mai tsawon mita 710, an buɗe shi a 1970. Shekara 40 shi kaɗai ne a birnin bisa kogin Isa, sai a 2011 aka samu na biyu, a 2021 na uku. Mutanen Yamai sun san yadda gari yake tsayawa in abu ya tare kadarko.

Iska ma muna da tamu. A farkon damina hadari yakan haɗu a gabas. Kafin ruwa ya sauko sai iska ta riga shi, da ƙura ja kamar bango. Mutanen Yamai ba su manta ranar 4 ga watan Mayu 2020 ba, da ƙura ta rufe birnin da rana tsaka. Iskarmu tana da haɗari biyu: tana turi, tana kuma rufe ido. Ga motocinmu da ake yi wa lodi har sama, albasa ko buhunan hatsi ko katifu, wani lokaci da mutane bisa kaya. Ga amalanke da tulin kara. Ga babur ɗauke da kwanon rufi ko ƙofa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Direba, in ka ga hadari ya taso da ƙura, kada ka hau kadarko. Ka tsaya kafin ka kai, ka ratse daga kan kwalta sosai, nesa da manyan itatuwa da turakun lantarki. Iskar gaban hadari ba ta daɗewa. In ta same ka a kan kadarko, ka rage gudu, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka kunna fitila, kada ka yi ƙoƙarin wuce wata mota.

Mai lodi, kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, kuma kada tsayi ya wuce kima. A ɗaure tam.

Mai babur da mai keke, ku sauka ku jira. Mai amalanke, ka riƙe dabbarka, kada ta firgita a tsakiyar kadarko.

Fasinja, kada ku matsa wa direba da cewa mun makara. In jandarma ko ɗan sanda ya tare hanya, ba mugunta ba ce. Sauri ya haifi nawa.

Aikin wannan mako

Malamai, a rubuta waɗannan kalmomi a allo, kowa ya karanta ya kwafa: iska, kadarko, ƙura, hadari, birki, shinge, tsaya.

Ga lissafi. Wata mota tana da gefe mai tsawon mita 8 da tsayin mita 3. Murabba'in mita nawa ke nan? In iska tana tura kowane murabba'in mita da kilo 17, kilo nawa ke tura motar? In gudun iskar ya ninka sau 2, turin zai zama kilo nawa?

Ga kuma tambayoyin da za ku tattauna. Don me kamyon da ba shi da kaya ya fi saurin kifewa? Waɗanne alluna ne ke bakin hanyar garinku, kuma me aka rubuta a kansu? In an rufe kadarko ko mashigin da ke kusa da ku yini guda, su wa za su fi shan wahala?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ta wajen malaminku. Za mu karanta waɗansu a shiri mai zuwa. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.